"Duk ƙarfe ne, Mushe": wata huɗu ina neman kan keke a Maraɗi

Wallahi in wani ya sake ce mini "duk guda ne" a kan kayan keke, ban san abin da bakina zai faɗa masa ba. Yau wata huɗu ke nan kekena yana jingine a zaure ƙura tana hawansa, jikka 47 ta bi iska, ga tabo a gwiwar hannuna na hagu da yake tashi da ƙaiƙayi duk ranar da aka yi zafi. A kan me? A kan kai. Kan keke, wanda mu nan muke ce wa gidon. Ƙarfen da ake riƙewa kawai.

Waɗanda suke ganina da sassafe a hanyar Tibiri sun san keken da nake nufi. Keken kishingiɗa ne. Ba shi da sirdi, kujera gare shi mai majingina, feda kuma tana can gaba, sai ka miƙe ƙafa kana tuƙi kamar wanda ya jingina da bango yana hira. Ba don burga na saye shi ba. Shekara 20 da 'yan kai ina tsaye gaban allo ina koyarwa, shi ya sa ake ce mini Mushe, wato malamin makaranta, bayana ya gaji, likita ya ce in riƙa motsa jiki, amma keken da kowa ya sani in na hau shi minti goma sai an kama ni an sauke. Wajen wani mai sayar da tsofaffin kekuna na tsince shi. Ya ce cikin kwantena ya zo ta Kwatano tun kafin a rufe iyaka a 2023, ya yi ta zama babu mai tayawa, don duk wanda ya gani sai ya ce keken guragu ne. Ni ma na sha wannan. Ran nan a bakin babbar kasuwa na tsaya ina jiran hanya, wata tsohuwa ta ajiye mini dala goma a cinya ta ce Allah ya ba ni lafiya. Na ce amin, Inna, don ba ta yi ƙarya ba, lafiyar nake nema.

Masu dariya ba su san cewa a 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau irin wannan keken da Charles Mochet ya ƙera ya ci kilomita 45 da ɗan ɗori cikin awa guda a Paris, ya karya tarihin da Oscar Egg ya kafa tun 1914 ba. Abin ya ba hukumar tseren keke ta duniya haushi har ta hana shi shiga gasa a 1934. Ni dai abin da na sani, in hunturu ya taso iska tana bugowa daga gabas, samarin da ke duƙe kan kekunansu suna haki a hanyar Cadawa, ni ratsa iskar nake yi ta ƙasa-ƙasa.

Matsalar ɗaya ce. Kan da ya zo da shi ya karye a kwantena, mai keken ya ɗaura masa miƙaƙƙen kai na keken 'yan makaranta. To a keken kishingiɗa ƙafafunka a gabanka suke, gwiwoyi suna hawa suna sauka daidai inda hannuwanka suke. In kan miƙaƙƙe ne, duk zagayen feda sai gwiwa ta doke shi. In ka ɗaga shi sama ya tare maka ido, ba ka ganin ramin da ke gabanka, kuma kowa ya san hanyoyinmu. Maganin shi ne kai mai lanƙwasa irin na 'yan tsere, mai kamar ƙahon rago, amma wanda ƙahonsa ya baje waje, yadda cinyoyi za su wuce ta tsakiya ba su goga ba, in ka zo kwana kuma bakin ƙarfen ba zai soke ka a cinya ba. Irin nan ne da ake yi wa kekunan hanyar burji. Faɗinsa yana da wani amfani a nan garin: ƙaramar tayar gaba in ta faɗa yashin lungunan Zariya ko Ali Ɗan Sofo sai ta nemi ƙwacewa, kai mai faɗi ne ke ba ka ƙarfin riƙe ta. Amma kuma bai kamata ya yi faɗin hauka ba, don sai ka ratsa tsakanin adaidaita da kabu-kabu.

Na zauna na yi aikina. Na hau keken a tsakar gida, ɗana ya auna tazarar gwiwoyina da mita. Na auna bakin wuyan da ke riƙe kan: milimita 31.8. Na rubuta a takarda da jan biro, faɗi santimita 44 daga sama, bajewar ƙaho digiri 16, kauri 31.8 a tsakiya. Na haɗa da hoto har uku. Na kai wa wani yaro mai shago da ke yi wa mutane odar kaya ta Kano, wanda aka ce mini ko allurar jirgi ka ce zai kawo. Ya duba takardar sama-sama kamar takardar gayyatar suna, ya cusa a aljihu.

"Ba matsala, Mushe. Sati biyu."

Na ce, ɗana, ka duba lambobin nan da kyau, su ne maganar gaba ɗaya. Ya ce ai shi kullum cikin wannan aikin yake. Na ba shi jikka 20 kafin alƙalami.

Sati bakwai aka yi. Yau kaya na Kano, gobe kaya na Jibiya, jibi 'yan duwan sun riƙe mota a Ɗan Isa, gata direba ya yi rasuwa. Ban musa masa ko ɗaya ba, don na san hanyar nan ba ta da tabbas, kuma mu mutanen Maraɗi mun koyi haƙuri da iyaka tun rufewar 2019. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar da kayan suka iso. Ya warware leda yana murmushi kamar ya kawo mini amarya. Kan tsere ne matsattse, santimita 40, ƙahon ya sauka ƙasa sak babu bajewa ko ta ƙwayar gero, kaurinsa kuma 26. Tsohon yayi, wanda wani ya rasa yadda zai yi da shi a can ya samu wawa a nan.

Na ce wannan ba shi ba ne. Ya ɗaga shi sama ya jujjuya. "Haba Mushe, ga ƙahon nan ya lanƙwashe kamar na hoton. Duk ƙarfe ne."

Duk ƙarfe ne! A garin da mace za ta shafa atamfa da yatsa biyu ta gaya maka ko ta Holan ce ko ta Sin. A garin da in mai awo ya rage tozon tiyar gero da ɗan kaɗan sai kasuwa ta taru. A garin da dillalin fata zai ɗaga fatar jar akuya ya hango tabon ƙaya da ni ko da tabarau ba zan gani ba. Shi kansa yaron nan, in ya aika a sayo masa ragon layya balami aka kawo masa bunsuru aka ce duk ƙaho ne, zai karɓa? In cikon kuɗinsa ya gaza da dala ɗaya, zai ce duk kuɗi ne? Mun iya awo, mun fi kowa iyawa, in dai abin namu ne. Sai an zo kan kayan da wani ya ba ka amana sannan milimita take zama tsirfar 'yan boko. Ya ce kaya in sun ƙetaro ba sa komawa. Maƙwabtan shagon suka taru, kowa "yi haƙuri Mushe", "yaro ne", "ka duba wahalar da ya sha". Na cika masa jikka 12 na fito, kunya ta ci ni a inda ya kamata ta ci shi.

A nan ne na yi tawa wautar, ba zan ɓoye ba. Maimakon in rataye abin in haƙura, sai na kai wa wani mai gyaran keke, dattijo ne da na daɗe ina kai wa faci, na ce Baba ko da dabara. Ya ce dabara ai ita ce sana'ar. Kafin in gama bayani ya zura bakin ƙahon cikin wani dogon bututun ruwa, ya take tsakiyar da ƙafa, yaronsa ya rataya a kan bututun yana lilo. Na ce Baba a tsaya, alminiyam ne! Ba baƙin ƙarfe ba ne da za ka tanƙwara ya yafe maka. An gasa shi ne a masana'anta ya ƙanƙame a siffarsa, in ka tilasta masa sai ya yi rauni daga ciki, ranar da zai karye kuma ba ya sallama. Na nuna masa inda fentin ya yi fari-fari ya tattare a gindin lanƙwasar. Ya tofa yawu ya goge da babban yatsa ya ce ya tafi. Ɓangaren dama ya buɗe fiye da na hagu, ko makaho ya shafa zai faɗa. Ya ce hannu zai saba.

Sai aka zo ɗaurawa. Kai 26, wuya 31.8, kusan milimita 6 ke nan a tsakani, abin yana yawo kamar muciya a tukunya. Akwai zoben cikewa da ake yi musamman don wannan, amma ina za a same shi? Baba ya aiki yaro bola ya samo gwangwanin tumatir biyu, ya yanka da almakashi, ya naɗe, ya ƙara da robar tsohon tub, ya ɗaure noti har jijiyar wuyansa ta tashi. Waɗannan notin an rubuta iyakar ɗaurinsu a jikin wuyan, ƙanana ne, ba na amalanke ba. Bai ko kalla ba.

Hannun birkina na da kuma ya ƙi shiga, dole ya ƙi, don na miƙaƙƙen kai 22.2 ne, kan tsere kuwa 23.8. Ya sa sukundireba ya buɗe bakinsa, ya ce ƙas, ya tsage. Jikka 9 na ba da aka nemo na tsere na hannu. Su kuma ga tasu: birkin kekena irin mai dogayen hannuwa biyu ne da ke buƙatar a ja waya da yawa, hannun birkin tsere kuwa kaɗan yake ja. Ka matse har ya taɓa ƙarfe, taya tana ci gaba da juyawa tana ɗan kuka. Na nuna masa. Ya ce, "Sabo ne, Mushe, zai zauna." Kuɗin aiki jikka 6.

Kuma na hau. Ni da nake koya wa yara lissafi, ni da na san duk abin da na lissafa a sama, na hau, don na gaji da kallon keken a zaure.

Kwana na uku, a gangaren da ke sauka wajen gulbi, amalanken shanu ya fito daga lungu ɗauke da yashi. Na damƙe birki da duk ƙarfina. Birki bai kama ba, kan kuwa ya juya cikin gwangwanin tumatir ɗinsa ya sunkuya ƙasa gaba ɗaya, hannuwana suka bi shi. Allah ya taimake ni keken kishingiɗa ba ya wurga mutum ta ka, ƙasa kusa take, ta gefe na zube na ja jiki a kan burji. Fatar gwiwar hannu ta tafi, wandon ya yage, shanun suka tsaya suna kallona. Yaron da ke kora su ya ce sannu Baba, da ma ba ka da lafiya ga kuma wannan.

Na koma wa mai gyara da jini a riga. Ya kama baki ya ce, "Subhanallahi. Tsautsayi ne, Mushe, ba ya wuce ranarsa." Na yi imani da ƙaddara, amma gwangwanin nan ba daga sama ya faɗo ba, hannu ne ya yanka shi. Na faɗa masa haka, ya ce in ji tsoron Allah, shi da ya taimake ni. Na je wajen mai oda, ya ce ai yanzu ma ba magana tunda an taɓa kayan, amma in na ba da wani kafin alƙalamin zai sa a duba mini "orijina". Wato da can ya san wanda ya kawo ba shi ba ne.

Mutum ɗaya ne cikin duk wannan ya fito da mita, wani mai walda a Sabon Gari. Ya sa na zauna a keken, ya auna gwiwa, ya auna hannu, ya zana a ƙasa da alli. Na yi kwana uku ina zarya babu kuran. Da wuta ta dawo sai ya ce mini gaskiya ba shi da bututu mai kaurin da nake so, wanda yake da shi na gadon ƙarfe ne, zai yi nauyi kuma ba zai ɗaura wa mutum abin da zai kashe shi ba. Ko dala bai karɓa ba. Na kusa rungume shi.

Yanzu karkataccen kan yana hannun ƙananan yarana, suna zagaye tsakar gida da shi suna kukan babur. Bayana ya dawo da ciwonsa, sallah ma wani lokaci a zaune nake yi. Jiya da dare sai ga saƙon murya daga mai oda a WhatsApp, muryarsa har da fara'a: "Mushe, albishirinka, wani ya shigo, wannan kam a buɗe yake sosai, na ajiye maka." Na buɗe hoton. Kan babur ne, har da madubi.