Awa uku ina murɗa ribab ɗin da babu komai a cikinsa

Ni fa abin da nake nema ba wani abu ne mai yawa ba, fiyano nake so mai sanyi, irin wanda in ka saka abin kunne ka lumshe ido za ka ji kamar wani ne yake bugawa can ƙuryar wani ƙaton ɗaki da babu kowa, sautin ya taso a hankali ya ɗan rataye a iska sannan ya ɓace. Kod huɗu kacal, wato maɓallan da ake bugawa tare, na rubuta a manhajar kiɗa ta FL Studio, tempo (saurin kiɗan) 75, ba ganga ba bes ba komai. Na ce minti ashirin na gama na kwanta.

Fiyanon da na fara ɗorawa ƙarau yake, duk bugu ɗaya kamar ana ƙwanƙwasa gilashin taga da makulli. Toh ai maganin wannan sananne ne, ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti. Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar kiɗa ya san ribab shi ne hodar aikin, ko ya fuskar sauti take in ka shafa masa sai ya yi kyan gani. Na buɗe miksa, inda ake bai wa kowane sauti layinsa, na ɗora, na gyara zama.

Na fara da tsawon wutsiya, wato lokacin da amsa-kuwwar take ɗauka kafin ta mutu. Daga sakan 2 na kai 4, na saurara, na gyaɗa kai na ce yawwa ya fara buɗewa. Na kai 7, na ce kai, ji wani faɗi. Na koma kan firi-dile, ɗan jinkirin nan da ake bari tsakanin bugun maɓalli da tasowar ribab don kar ya haɗiye bakin sautin, na sa milisakan 30, na mayar 35, na dawo 30, na sake komawa 35, kuma wallahi a lokacin da za a ce in rantse 35 ta fi ɗumi da na rantse. Minti arba'in na yi tsakanin waɗannan lambobi biyu.

Daɗi ya ishe ni har na kira ƙanina, na zare abin kunne na kunna sifika na ce zo ka ji aiki. Na kunna masa da ribab, na kashe, na sake kunnawa. Yaron nan ya tsaya ya karkata kai kamar mai sauraron sirri, can ya ce "Yaya, ni fa duk ɗaya nake ji." Na dube shi da tausayi. Na ce masa kunnenka bai nuna ba tukuna, wannan irin bambancin sai wanda ya daɗe a harkar, ba da kunne kawai ake jinsa ba har da ƙirji. Na yi masa lacca ta kusan minti goma a kan yadda sauti yake dukan bango ya dawo, ya ce toh Yaya Allah ya taimaka, ya tafi ya kwanta.

Bayan ya fita na ƙara dile, mai maimaita sauti bayan ɗan jinkiri. Nan ma har da lissafi, don na san in ka raba 60,000 da tempo za ka samu tsawon bugu ɗaya a milisakan, 60,000 a raba da 75 ya ba ni 800, na ɗauki kashi uku cikin huɗu, 600, don maimaicin ya riƙa faɗowa a tsakanin bugu yana ɗan rangaji. Na ji kaina ya yi girma, ni kaɗai a ɗaki ina murmushi.

Sai dai can ƙasan zuciyata wani abu yana ce min malam, fiyanon nan fa har yanzu makulli ne da gilashi. Maimakon in saurare shi sai na ce ai ƙari yake so. Wutsiya na kai ta sakan 20. Jiƙon ribab, wato yawansa a cikin sautin, na murɗe shi har ƙarshe. Fidbak na dile, wanda yake mayar da maimaicin cikin kansa ya sake maimaituwa, shi ma na kai shi bango. Na ɗora ribab na biyu a kan na farko don a yi ta ta ƙare.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare idona ya faɗa kan mita, ma'aunin da yake nuna sautin da ke bi ta kowane layi. Layi na 1 yana ta tsalle kore shar. Layi na 2, inda na jera duk kayan nan, shiru kamar an share. Fiyanon yana layi na 1. Awa uku cur ina yi wa layin da babu ko sauro a cikinsa kwalliya, ɗumin 35 ɗin nan da na ji da ƙirji, faɗin nan da na ji a sakan 7, duk ni na ƙera su a kaina.

Mai hankali a nan zai fara mayar da komai inda yake kafin ya taɓa wani abu. Ni kuwa haushi ya ci ni, kawai na tura fiyanon layi na 2 na danna maɓallin kunnawa, na manta sifika ce a kunne ba abin kunne ba.

Kod na farko ya shiga lafiya, har na ce kai ashe haka abin yake. Na biyu ya hau kan na farko, don na farkon bai da niyyar tafiya sai bayan sakan 20. Na uku ya hau kansu, dile ya kwashe su duka ya maimaita, ya kwashi maimaicin ya sake maimaitawa, ribab biyu suka karɓa suka kumbura, kafin kod na huɗu ɗakin ya koma kamar jirgi zai tashi a cikin rijiya. Mitar masta ta yi ja wur. Na danna tsayawa, bai tsaya ba, don tsayawa maɓallan fiyano take tsayarwa, abin da ya riga ya shiga dile yana nan yana cin kansa yana ƙara ƙiba (daga baya na gano sau biyu ake dannawa ya yanke komai, a daren nan wa ya tuna). Na rarumi linzami ya faɗi ƙasa, na murɗa wani abu a jikin sifika ashe bes na ƙara, ƙarshe dai rarrafawa na yi ƙarƙashin tebur na fizge waya. Ina ɗagowa na ƙume kai.

Ga ƙanina a bakin ƙofa ido duk barci. Ya ce "Yaya, yanzu kam na ji bambancin."

Washegari na zauna da kunya na fara daga farko, kuma abin haushin shi ne rabin matsalar tun kafin a zo kan ribab take. Da linzami na zana kod ɗin, duk maɓallan ƙarfinsu ɗaya wajen 100 cikin 127, wato ina dukan fiyano da ƙarfi ina kuma roƙonsa ya yi raɗa. Na sauke su tsakanin 40 da 55, kowanne da nasa, nan take ƙarau ɗin ya ragu, don bugu mai taushi ba ƙara kawai yake ragewa ba, kaifin ma yana tafiya. Na canja zuwa fiyano mai ƙyalle, irin wanda ake saka yadi mai laushi tsakanin guduma da tsirkiya, har kana jin ɗan motsin katako a ciki. Tun ban sa komai ba ya riga ya fi abin da na kwana ina nema.

Ribab kuma na ba shi layinsa daban ina tura masa fiyanon kaɗan, asalin sautin yana nan a gaba. Fiyano maɓalli 88 gare shi, na can ƙasa yana kaiwa 27.5 Hz, in ka bar hannun hagu ya shiga ribab yadda yake ga kuma feda a take, laka kawai za ka samu. Sai na sa ikyu, matatar sauti, kafin ribab ɗin na yanke ƙasa da 600 Hz da sama da 10,000, dabarar da ake dangantawa da situdiyon Abbey Road na Landan. Wutsiya sakan 5, dile can ƙasa-ƙasa sai ka kasa kunne. Wannan karon kuma duk abin da na taɓa sai na kira alƙali, wato ƙanina, ya juya baya in kunna in kashe, in ya ce duk ɗaya ne ba na musu, cirewa nake. Ya cire min fulogin uku, wato kayan kwalliyar sautin da na ɗora.

Abu ya yi kyau gaskiya, musamman kod na ƙarshe, yadda yake narkewa a hankali har ka rasa inda ya ƙare. Shi na fi ji da shi. Na fitar da fayil na tura wa abokina ko saurara ban yi ba, ashe zaɓin wutsiya yana kan a yanke ragowa, fayil ɗin ya ƙare daidai inda zanen kod ya ƙare, narkewar nan gaba ɗaya an datse ta ƙat. Bayan minti biyar sai ga saƙon murya: "Mutumina ya yi daɗi wallahi, amma wa ya shigo ya kashe maka a ƙarshe?" Ƙanina yana gefe yana ji, ya ce in gaya masa sai da ƙirji ake jin sauran.