Kuɗin hayaƙin jirgi: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Wani ɗan kasuwa a Agege ta Legas, cikin masu zuwa Turai sari, ya nuna min tikitinsa na dawowa daga Jamus, wai an ƙara masa wani caji na muhalli. A 2025 kamfanin jirgin Jamus, Lufthansa, ya fara karɓarsa kan jiragen da ke tashi daga Turai, daga yuro 1 har 72, saboda Tarayyar Turai ta wajabta a riƙa haɗa kashi 2 cikin ɗari na man da suke kira mai tsafta a cikin man jirgi, zai koma kashi 6 a 2030, har kashi 70 a 2050. Wannan ba shi ya ɓata min rai ba, ƙasarsu ce. Abin da ya ƙona min rai shi ne 'yan bokonmu na ɗakunan taro a Victoria Island da ke ta zumuɗin mu ma mu kwafo dokar yadda take.

Da wane man? Akasarin wannan mai mai tsafta fa da tsohon man girki ake yinsa da kitsen dabbobi, wato irin man da mai ƙosai ta gama suya da shi, kuma kuɗinsa ya ninka na kananzir ɗin jirgi sau biyu ko fiye, sannan sai an ƙona wuta da gas kafin a tace shi, kenan ba a rage cin makamashi ba, wuri kawai aka sauya masa. A garin da mai suya ba ta zubar da mai sai ya yi baƙi ƙirin, ina za a tara na jirgi? Manja kuma Turawan sun ce ba sa so.

Kun manta 2022 ne? Litar man jirgi ta tashi daga wajen naira 190 zuwa 700, har kamfanonin jiragen cikin gida suka yi barazanar ajiye aiki a watan Mayu. Daga nan tikitin Legas zuwa Kano ya fi ƙarfin mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, ya koma hawa mota kwana da yini, ga gajiya ga fargabar hanya. Duk wanda aka kora daga jirgi ba gida yake zama ba, man mota yake ƙonawa.

Za su ce ai ɗumamar yanayi ba ta san iyaka ba. To mun ji, mu Tafkin Chadi ya ƙafe wa, ba sai an karanta mana ba. Amma jiragen duniya kaf ba su wuce kashi 2 zuwa 3 na hayaƙin kabon ba, Afirka kuma gaba ɗayanta wajen kashi 2 take da shi a zirga-zirgar sama. Kuma ba mu noƙe ba, tsarin diyyar hayaƙin jirage na CORSIA da hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta amince da shi a 2016, ɗan Najeriya Olumuyiwa Aliu ne shugaban majalisarta lokacin, mun shiga da kanmu tun kafin ya zama dole a 2027. Shi wannan jiragen ƙasa da ƙasa kaɗai ya shafa, a biya kuɗin diyyar hayaƙin da ya haura ma'auni, kuɗin kuma ya tafi wata ƙasa mai takardun da suka cika sharaɗi. Haba!

In da gaske ake, a fara da ɓarnar da muke gani da ido. Jirgi ya yi ta shawagi a saman filin jirgin Ikeja yana jiran layin sauka, ko a ɗauke shi fanko zuwa ƙasar waje don babban gyara ya dawo fanko, duk kilo ɗaya na mai da ya ƙone kilo uku da ɗoriya ne na hayaƙi. Ga gas ana ƙona shi a banza dare da rana a Neja Delta, ga janareta a ƙofar kowane shago. Matatar Dangote da ke Lekki tana fitar da man jirgi har waje, hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da ma'aikatar sufurin sama su fara zama a kan yadda zai yi wa jiragenmu sauƙi, kuɗin diyyar kuma a tsaya kai da fata ya zauna a gida, a dasa itatuwa da shi a Yobe da Sakkwato.