Murhun maganaɗisu ma yana ƙona hannu

Mutane da yawa sun ɗauka murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu ba ya zafi ko kaɗan, tunda ba a ganin harshen wuta. Ba haka ba ne. Naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin gilashin saman murhun, gindin tukunya take zafafawa ba gilashin ba, wannan gaskiya ne. Amma tukunyar da ta yi minti 30 tana tafasa miya za ta mayar wa gilashin zafinta, zafin da ya isa ya ƙona tafin hannun yaro. Shi ya sa irin wannan murhu da yawa ke nuna harafin H, alamar cewa gilashin na da sauran zafi, bayan an kashe, sai a jira ya ɓace kafin a goge. Cokali ko wuƙar ƙarfe kuma kada a ajiye a kai yana kunne, suna iya ɗaukar zafi.