Kullum mu ne masu nuna kati

Daren Talata ƙanena yana dawowa daga kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, a kan babur, wasu mutum biyu cikin farin kaya suka tare shi, suka ce su 'yan sanda ne. Ya miƙa katin ɗan ƙasa, suka riƙe, sai da ya ba su jaka biyar suka sake shi. Na ce masa, kai ka ga nasu katin? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, so kake a mare ni?"

Wannan dariyar ta fi kuɗin yi mini ciwo. Daga Ngaundere zuwa Kusuri, Allah kaɗai ya san sau nawa fasinja ke sauka ya nuna kati a shinge. Mun saba da miƙa hannu har mun manta cewa shi ma mai tambayar doka ta hau kansa. Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005, sashe na 31, ta ce wanda zai kama ka dole ya faɗi ko shi wane ne, ya gaya maka dalili, ya kuma bar wani, in da buƙata, ya bi ku don ya ga inda za a kai ka, sai fa in an kama ka dumu-dumu kana cikin laifi. Shi kuwa mai sojan gona, sashe na 216 na kundin hukunci na 2016 ya tanadar masa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5.

To me ya hana abin raguwa? Ni dai laifin ba na ɗora shi kan ɓarayi kaɗai. Duk ranar da jami'i na gaskiya ya harzuƙa don talaka ya ce "ranka ya daɗe, in ga shaidarka", ya share wa ɗan damfara hanya ne, don gobe ba mai sake tambaya. Iyayenmu da suka yi fatauci a zamanin zargina, wato 'yan fashin kan hanya, sun sani, sau da yawa da kakin soja ake tare su a daji. Kaki tela ne ke ɗinka shi.

Kada wani ya ce ina zuga yara su yi wa hukuma tsaurin ido. Tsakar dare, mutum da bindiga, ba wurin jayayya ba ne. Abin da na gaya wa ƙanena shi ne, in an sake, ya ce cikin ladabi su je ofishin 'yan sanda ko na jandarma a yi maganar a can, kuma ya ajiye lamba 117 ta 'yan sanda da 113 ta jandarma a wayarsa. Ya ce ya ji, amma na ga alama jaka biyar ɗin ta fi masa sauƙi.