Kafin jirgin Maraɗi ya iso Daura, wa muka horar da zai kula da shi?

Duk mai bin hanyar Kazaure zuwa Daura a 'yan shekarun nan ya san da aikin layin dogon da zai taso daga Kano, ya ratsa Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, ya dire a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Tsawonsa kusan kilomita 284, an kuma ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021. Abin farin ciki ne. Amma ka tsaya a bakin kowane babban aikin gini a yankin nan, na titi ko na gada ko na dam, ka lura da wa ke yin me. Mai ɗaga jar tuta ya tsayar da motoci namu ne. Mai gadi namu ne, leburori namu, mai sayar da shinkafa da wake a gindin bishiya tamu ce. Wanda ya kafa na'urar safiyo a kan ƙafafunta uku yana leƙa awo, da mai gwada ƙarfin kankare, da makanikin da ake jira in katafila ta tsaya, su kuma galibi daga nesa aka ɗauko su.

Sannan ka leƙa shagon fotokwafi a cikin Katsina ranar da aka ce kwastam ko hukumar shige da fice ta buɗe shafin ɗaukar aiki. Samari da 'yan mata ne maƙil, kowa rungume da ambulan da gefensa ya fara yagewa don yawan ɗauka. A ciki akwai takardar digiri, shaidar gama bautar ƙasa, takardar ƙaramar hukuma da ta haihuwa. Ga aiki yana neman masu yi, ga masu neman aiki, amma an kasa haɗuwa, domin abin da ke cikin ambulan ɗin ba shi ake tambaya a wurin aikin ba.

Alƙaluman ƙasa ma ba sa nuna wannan ciwo yadda yake. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100. Ta kuma ce a farkon 2023 kashi 4.1 ne. Abin da ya canja a tsakani shi ne hanyar lissafi: yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana ƙidaya shi cikin masu aiki. Ke nan yaron da ya karanta ilimin sinadarai shekara huɗu, yau yana zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS, a takarda ba shi da matsala. Iyayensa da suka sayar da tumaki suka biya masa kuɗin makaranta sun san yana da ita.

Idan abin ya ishi mutane, maganar da ke fitowa ita ce a ba 'yan gida aiki, a daina kawo baƙi. Ina jin zafin da ke bayan wannan magana, kuma doka ta tanadi wani abu a kai. A Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5, wanda ya hana ba ɗan ƙasar waje biza don aikin da akwai ɗan Najeriya mai iya shi. Ƙa'idar Ma'aikatar Cikin Gida kuma ita ce duk kamfanin da aka ba gurbin kawo ƙwararre daga waje ya haɗa shi da 'yan Najeriya masu koyo a ƙarƙashinsa, waɗanda za su gaje shi. Sai dai a lura, dokar ta ce ɗan Najeriya, ba ta ce Bakatsine ko Badauri ba. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito, kuma haka ya kamata, tun da mu ma 'ya'yanmu suna cin abinci a Legas da Fatakwal. Abin da tsarin raba daidai ya ware wa 'yan jiha a ma'aikatun tarayya shi ne mafi yawan ƙananan guraben, daga mataki na 01 zuwa na 06: direba, masinja, mai gadi, akawu. Daga nan zuwa sama takarda da iyawa ne za su yi magana.

Wasu kan kawo misalin Saudiyya, wadda ta fito da tsarin Nitaƙat a 2011, ta wajabta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa, har a 2016 ta ce shagunan sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa ne kaɗai. Can miliyoyin baƙi ne ke riƙe da ayyukan kamfanoni, don haka akwai abin karɓa. A Katsina ko da an sallami kowane ɗan ƙasar waje gobe, guraben ba za su rage layin shagon fotokwafin nan ba, kuma yawancinsu ba mu tanadi masu hawa kansu ba.

Misalin da ya fi kusa da mu na gida ne. A shekarun 1950 gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar cike aikin gwamnatin Arewa da 'yan Arewa. Ba su tsaya a sanarwa ba. Sun san kujerun da Turawa za su bari, suka riƙa tura mutane makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya ana horar da su don waɗannan kujerun. Ita kanta Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai aka yi ta, aikin yana jiran ɗalibin tun kafin ya gama. An fara sanin aikin, sannan aka buɗe aji. Mu yau aji muke fara buɗewa, mu ce Allah ya kawo aiki.

Makarantu kam muna da su. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Al-Qalam, da ta tarayya a Dutsin-Ma, da kwalejin fasaha ta Hassan Usman, da kwalejojin ilimi a Katsina da Dutsin-Ma da Daura. A Daura kaɗai an samu kwalejin fasaha ta tarayya, ga kuma Jami'ar Sufuri da kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a zangon 2023/2024. To a yi lissafi da wannan jami'ar. Digirin injiniya shekara 5 ne, ke nan 'yan fari za su fito wajen 2028 in ba a samu tsaiko irin yajin aikin wata takwas na malaman jami'a a 2022 ba. Sai bautar ƙasa. Sai kuma shekarun gogewa kafin hukumar COREN ta yi wa mutum rajistar cikakken injiniya da zai sa hannu a kan aiki. Ana maganar kusan shekara 10 daga ranar da yaro ya shiga aji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma layin dogo ba injiniyoyi ya fi ci ba. Kowane injiniya ɗaya yana buƙatar mutane da yawa a ƙarƙashinsa: masu bin layi suna auna tazarar ƙarafan biyu, wadda dole ta tsaya a milimita 1,435, masu ɗaure kusoshi da gyara tsakuwar da ke ƙarƙashin layin, masu waldar ƙarfen dogo, masu gyaran sigina da wayoyin sadarwa, makanikan injin dizal da na birki, masu kula da lodin kaya a tasha. Waɗannan aikin kwalejin fasaha ne da makarantun koyon sana'a, kuma cikin shekara biyu zuwa uku ana iya fitar da su. Nan ne ƙofarmu ta fi faɗi, nan ne kuma muka fi sakaci, saboda mun ɗora wa yaranmu cewa wanda bai yi digiri ba bai yi karatu ba. Gwamnati ma ta taimaka wa wannan tunani da ta daɗe tana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen matakin albashi.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce jami'a ta ɗauki kashi 60 na ɗalibanta a fannin kimiyya, kashi 40 a sauran fannoni, kwalejin fasaha kuma 70 da 30. Cika wannan yana wuya, kuma dalili biyu ne. Na farko kuɗi. Ajin kimiyyar siyasa mai ɗalibi 300 zaure yake buƙata da allo da lasifika. Ajin injiniya mai ɗalibi 40 sai da injin sassaƙa ƙarfe, da wutar da ba ta yankewa, da kayan da ake ƙonawa kullum a wajen gwaji, da malamin da kamfanoni ke zawarcinsa. Shugaban makarantar da ke neman kuɗin shiga ya san wanne zai faɗaɗa. Daga nan ne ake samun abin da kowa a harkar ya sani, wato aron kayan aiki da aron malamai ranar da masu tantancewa za su zo, a mayar da su bayan sun tafi. Na biyu ya fi zurfi: yaro ba zai samu gurbin injiniya ba sai da kiredit a lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci, alhali makarantun sakandare da yawa a ƙauyukanmu ba su da malamin fiziks tsayayye. Matsalar tsaro ta ƙara dagula abin. Makarantar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ta kimiyya ce, kuma duk lokacin da aka rufe makarantun kwana, rijiyar da jami'o'i ke ɗiba ce ake toshewa.

Abin da nake ganin ya kamata a fara da shi ba ya cin kuɗi sosai, ƙidaya ce. Takardar albashin jiha da ta ƙananan hukumomi 34 tana ɗauke da ranar haihuwa da ranar kama aiki na kowane ma'aikaci. Tun da ƙa'idar ritaya a galibin aikin gwamnati shekara 60 ce da haihuwa ko 35 a bakin aiki, cikin mako guda ma'aikaci mai kwamfuta zai iya fitar da adadin ungozoma da masu gwajin jini da malaman lissafi da malaman gona da za su tafi nan da shekara 5, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A haɗa da buƙatun ayyukan da aka riga aka sa wa hannu, irin layin dogo da tashar tsandauri ta Funtuwa da noman rani a Zobe da Jibiya da Sabke. Wannan takarda ce ya kamata ta yanke yawan guraben kowane kwas a makarantun jiha, da kuma inda kuɗin tallafin karatu zai tafi. Tura ɗalibai Masar karatun likita da gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta yi mataki ne mai kyau, amma kamata ya yi kowane gurbi ya fito daga irin wannan lissafi, kuma a san asibitin da zai karɓi yaron in ya dawo.

Sai bin sawun waɗanda suka gama. Kowace makaranta tana karɓar lambar wayar ɗalibi ranar da zai karɓi sakamako. A kira shi bayan shekara ɗaya da gama bautar ƙasa, a sake kira bayan biyu: kana aiki? A fannin da ka karanta? A wane gari? Nawa kake samu? Me aka tambaye ka wanda ba a koya maka ba? A buga amsar kowane sashe a fili kafin lokacin cike JAMB. Yanzu da ake karɓar bashin karatu na NELFUND, wanda za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, haƙƙin uba ne ya san ko kwas ɗin da ɗansa zai ci bashi a kansa yana kai mutum ga albashi.

Akwai kuma horon sanin makamar aiki na SIWES, wata shida ga ɗan jami'a, wata huɗu ga mai ƙaramar difloma. Da yawa daga yaranmu a ofishin da ba ruwansa da karatunsu suke yin sa. Yaro ya zo ranar Litinin ya gaisa, ya tafi, a ƙarshen wata ya zauna ya cike shafukan littafin rahotonsa a zama ɗaya da biro iri ɗaya, a buga masa hatimi. Malamin da zai duba shi bai zo ba saboda ba a ba shi kuɗin mota ba. Wata shidan nan ne kaɗai damar da ɗalibi ke da ita ta taɓa injin gaske kafin ya fito, kuma muna zubar da ita.

Gyaran wannan yana cikin takardar kwangila. Duk babban aikin da jiha za ta bayar, a rubuta a ciki yawan ɗaliban da ɗan kwangila zai ɗauka horo, da sunayen masu koyo da aka haɗa da kowane ƙwararre, da jarrabawar aiki da za a yi musu kafin miƙa aikin. A riƙe wani kaso na kuɗin ƙarshe har sai an ga yaran sun kwance na'urar sun ɗaure da hannunsu, an kuma miƙa littattafan gyara da jerin kayan canji. In ba a ɗaura shi da biyan kuɗi ba, sunaye kawai za a rubuta. Dubi tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, fanka 37 masu ba da megawat 10, wadda aka faro maganarta tun Umaru Musa yana gwamna, ta kuma haura shekara 10 kafin a kammala. A tsawon wannan lokaci da an yaye rukuni nawa na yaran Rimi da Charanchi da za su iya hawa sama su duba ta?

Dama biyu suna hannu yanzu. Sabuwar manhajar da hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Namu a bayyane yake: famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, sarrafa auduga da fata, adana tumatir, cinikin kan iyaka, har da Faransanci na aiki ga wanda zai yi hulɗa da tashar Maraɗi. Sannan a Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantunta na shekara 7, don haka 'yan majalisarmu su mayar da ƙarfinsu wajen cika ɗakunan gwajin waɗanda ake da su.

Layin Kano zuwa Maraɗi na tarayya ne, jiha ba ta da ikon sauya kwangilarsa. Amma tana da ikon zama da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta karɓi jerin ma'aikatan da tashoshin Daura da Katsina da Jibiya za su buƙata, mataki mataki, ta kai wa Jami'ar Sufuri da kwalejin fasaha ta Daura da ta Hassan Usman, ta biya wa rukunin farko kuɗin horo a cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya. Masarautun Katsina da Daura kuma su sa hakimai su nemo yaran da suka ci lissafi da fiziks a gundumominsu, a rubuta sunayensu tun bana.