Matashi mai keratokonus: jira shi ke cinye gani

Iyaye, idan ana ta sauya wa yaronku tabarau duk bayan 'yan watanni amma gani na ƙara dushewa, ku nemi a ɗauki taswirar koniyarsa, wato garai-garan bangon da ke gaban baƙin ido. A cutar keratokonus wannan bango yana sirancewa, ya turo gaba ya yi tsini. A idon matashi cutar ta fi gudu, don haka ban yarda da yawan "mu jira mu gani" ba.

Aikin ƙarfafa koniya da ake yi don tsayar da cutar, wanda masana a Dresden ta Jamus suka bayyana sakamakonsa a 2003, ga yadda yake. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a kankare siririyar fatar saman koniya faɗin milimita 8 zuwa 9, a riƙa ɗiga ribofilabin, wato bitamin B2, mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari har minti 30. Sannan a haska hasken UVA, wato wani nau'in hasken ultraviolet, mai ƙarfin miliwat 3 a kan kowane murabba'in santimita na wasu minti 30, ko miliwat 9 na minti 10 a salon gaggawa. Haɗuwar hasken da maganin ita ke ɗaure zaruruwan koniya su yi tauri. Dole kaurin koniyar ya kai maikuron 400, wato milimita 0.4, in ba haka ba hasken zai ratsa ya lalata ƙwayoyin da ke bayanta. Wanda ya makara har ta sirance ƙwarai, zaɓinsa ya ragu ke nan.

A binciken KERALINK na Birtaniya kan yara 'yan shekara 10 zuwa 16, bayan wata 18 cutar ta ci gaba a kashi 7 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin, da kashi 43 na waɗanda ba a yi wa ba.

Amma a gaya wa yaro gaskiya tun kafin ya kwanta: aikin tsayar da cutar yake yi, ba ya mayar da ido yadda yake a da. Yawanci zai ci gaba da sa tabarau ko gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido. Kwana biyu zuwa uku na farko akwai zafi da hawaye sosai, fatar tana rufewa cikin kwana 3 zuwa 5, kuma lokacin ne ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa idan aka yi sakaci da maganin ɗigawa ko aka taɓa ido da hannu. Gani kan yi hazo na wasu watanni kafin ya washe.

Abin da ya fi damuna shi ne murza ido. Yaro mai ƙaiƙayin ido na borin jini, in ba a magance ƙaiƙayin ba, zai ci gaba da murzawa, cutar ta sake motsawa ko bayan aiki. A riƙa maimaita taswirar ido biyun har ya wuce shekarun girma, domin ɗayan idon ma yakan biyo baya.