Jan Bulo Bai Roƙi Fenti Ba

Na gaji da ganin yadda ake wulaƙanta tsofaffin gine-ginen ajiyar kaya: yau an shafe jan bulon da ya shekara ɗari da fenti, gobe an rufe shekarar ginin da ke saman ƙofa da allon talla, jibi an ɓalle ƙugiyar da ake jan buhuna zuwa bene da ita an sayar wa 'yan gwangwan. Wane laifi ginin ya yi wa masu yin haka? Hamburg ta ƙasar Jamus ta adana Speicherstadt, unguwar gine-ginen ajiyar kaya da aka fara ginawa a 1883, har UNESCO, hukumar raya ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 2015, amma Liverpool ta cunkushe bakin ruwanta da sababbin gine-gine har aka cire ta daga cikin kayan tarihin duniyar a 2021. Sai an baje kowane bango an ajiye motoci a wurin sannan hankalinsu zai kwanta?